Koyar da ƙirar shafukan yanar gizo a maƙerar nesa: amfaninta da iyakarta ga ajin masu farawa a Lamorde

Taƙaitawa

Wannan ƙasida tana duba wata hanya ta koya wa masu farawa rubutun shafukan yanar gizo, wadda a cikinta ɗalibi ba ya ɗora komi a kan kwamfutarsa, sai dai ya yi aiki a kan wata na'ura da ke nesa ta hanyar intanet. Za mu bayyana yadda hanyar take aiki, da matsalar da take warwarewa, da sharuɗɗan da take gindayawa a wuri kamar Lamorde. Ra'ayin da muke karewa shi ne cewa hanyar ta dace da makonnin farko na karatu, amma da sharaɗin malami ya tsara darasinsa ta yadda aikin ɗalibi zai rayu ko da maƙerar ta rufe.

0. Gabatarwa

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa sashen nazarin harsuna da wannan batu. Amsar tana cikin irin aikin da ke jiran ɗalibanmu. Dokar ƙasa ta 26 ga Maris 2025 ta ba hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen da aka ba wannan matsayi yana bukatar ƙamusai, da jerin kalmomin fannoni, da matanoni waɗanda mutum zai iya buɗewa a wayarsa. Aikin DiLAF ya riga ya nuna hanya, tun da ya juyar da ƙamusan hausa, zabarmanci, kanuri da tamajak da aka wallafa a Nijar zuwa tsarin XML, ya kuma saka su a yanar gizo. Amma muddin masanin harshe bai iya haɗa shafi ko guda da hannunsa ba, dole ne ya miƙa ƙamusunsa ga wani wanda bai damu da bambancin k da ƙ ba.

Saboda haka ne wasunmu suka fara saka ɗan darasin ƙirar shafi a cikin karatun ɗaliban digiri na biyu. Duk wanda ya gwada ya san inda wahala take. Makon farko yakan ƙare wajen ɗora kayan aiki: wannan kwamfutarsa ta tsufa, wancan tasa ta cika, wata ta aro ce ba ta san kalmar sirrin mai ita ba, wasu kuma waya kaɗai suke da ita. Kafin a rubuta layin farko, zuciyar rabin aji ta yi sanyi. Wannan matsala ce maƙerar nesa ta zo warwarewa.

1. Batun kalmomi

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu tsayar da kalmomin da za mu yi amfani da su. A faransanci ana cewa environnement de développement, ana nufin wurin da mai rubuta umarnin kwamfuta yake samun kayan aikinsa a haɗe: allon rubutu, da na'urar da ke aiwatar da umarnin, da tagar da ke nuna sakamako. Mun zaɓi mu kira shi maƙera, domin a maƙera ne ake samun uwar maƙera da zuga-zugi da masaba wuri guda, kuma a nan ɗan koyo yake zama kusa da gwani.

Kalmar da ake fassarawa da gajimare ta fi wuya. Fassarar ta bi kalmar asali daidai, amma tana sa ɗalibi ya ɗauka cewa aikinsa yana shawagi a sama, ba mai shi. Alhali kuwa abin da ake nufi shi ne kwamfutoci na gaske, a cikin gine-gine na gaske, mallakar wani kamfani da ke biyan kuɗin wutarsu. Don haka muka fi son maƙerar nesa. Na'urar da ke can muna kiranta uwar garke, kamar yadda masu fassara manhajoji suka saba. Wurin ajiyar fayiloli tare da tarihin gyare-gyarensu, wato abin da tsarin Git yake samarwa tun 2005, mun kira shi rumbu.

2. Yadda maƙerar nesa take aiki

2.1. Shafin yanar gizo na farko yana tsayawa a kan harsuna uku. HTML, wanda Tim Berners-Lee ya fito da shi a cibiyar CERN a farkon shekarun 1990, shi ne ke faɗin mene ne kowane yanki na matani: wannan take ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. CSS, na 1996, yana kula da kamanni. JavaScript, na 1995, yana sa shafi ya amsa abin da mai karatu ya yi. Ga misali mafi sauƙi:

(1) <p>Ina kwana?</p>

Masanin harshe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin aiki ne irin na saka baka-biyu a nazarin jimla: a buɗe, a rufe, kuma abin da aka buɗe a ciki a rufe shi a ciki.

2.2. Maƙerun nesa iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci a gare mu. A iri na farko, kamar GitHub Codespaces da Replit, kamfani yana kunna wa ɗalibi wata ƙaramar kwamfuta ta Linux a uwar garkensa. Burauzar ɗalibi taga ce kawai. Duk umarnin da ya ba da sai ya tafi can, an aiwatar, amsa ta dawo. A iri na biyu, kamar CodePen da JSFiddle da StackBlitz, ana sauko da kayan aiki cikin burauza, kuma kwamfutar ɗalibin ce take aiwatar da shafin. Uwar garke tana shigowa musamman wajen ajiya da rabawa. Iri na farko ya fi ƙarfi, yana ba da damar koyon Git da sarrafa uwar garke. Iri na biyu ya fi jure wa layi mai rauni.

3. Abin da take warwarewa

Amfani na farko shi ne daidaito. Malami yana shirya rumbu guda, ya saka fayilolin darasi a ciki, kowane ɗalibi ya buɗe kwafinsa. Abin da ke gaban malami shi ne ke gaban kowa, ko kwamfutar sabuwa ce ko tsohuwa. Idan kuskure ya fito, a cikin rubutun ɗalibi yake, kuma ana iya nemansa a can. Darasin CS50 na jami'ar Harvard, wanda mutane daga ƙasashe da yawa suke bi, ya daɗe yana amfani da wannan hanya saboda wannan dalili.

Na biyu shi ne saurin ganin sakamako. Ɗalibi ya rubuta misali na (1), ya ga gaisuwarsa ta fito a taga ta gefe a cikin mintocin farko na darasi. Duk malamin harshe ya san darajar jimlar farko da ɗan koyo ya furta aka fahimce shi.

Na uku shi ne gyara. Ɗalibi yana aiko da adireshi, malami ya buɗe ya ga aikin yadda yake, ba tare da yawo da kile daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba, tare da ƙwayoyin cutar da ke bin ta.

Na huɗu ya shafi wurin da muke zaune. Lamorde tana bakin kogi, a ɓangaren Harobanda, kuma a damanar 2020 ruwa ya fasa shingen da ke kare unguwar ya shiga gidaje. Ɗalibin da duk aikinsa yake cikin kwamfuta guda, a ɗaki guda, yana iya rasa shi a dare ɗaya, ko ta ruwa, ko ta ƙura da zafi, ko ta hannun ɓarawo. Kwafin da ke nesa kariya ce ta gaske, kuma bai kamata sukar da za ta biyo baya ta sa a manta da wannan ba.

4. Sharuɗɗan da take gindayawa

Maƙerar nesa tana ɗauke nauyi daga kan kwamfutar ɗalibi, ta ɗora shi a kan abubuwa uku waɗanda ba malami ba ɗalibi da ke da iko da su.

4.1. Wutar lantarki. Shekaru da yawa Nijar tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya, ta layin da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi. An yanke wannan layi a watan Agusta 2023, ba a mayar da shi ba sai Maris 2024. Tashar Gorou Banda, tare da gonar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, ta rage gibin, amma kowa ya san halin da ake shiga a watannin Afrilu da Mayu. Kwamfutar hannu tana da batir, tana iya ci gaba da aiki awa ɗaya ko biyu. Akwatin da ke raba intanet a aji shi ne ke mutuwa nan take. Sakamakon shi ne ɗalibin da ke aiki a kan fayil na cikin kwamfutarsa ya ci gaba da rubutu, wanda ke maƙerar nesa kuwa ya zauna yana kallon allo.

4.2. Layi. Nijar ba ta da gaɓar teku. Zirga-zirgar intanet ɗinta tana bin igiyoyin da suka ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga igiyoyin ƙarƙashin teku, kuma daga Yamai zuwa Kwatano kaɗai akwai kimanin kilomita 1,000. Mafi yawan uwayen garken waɗannan maƙeru suna Turai da Amurka. A ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da abin ya shafa. Shigowar Starlink a 2025 ta ƙara wata hanya ga mai halin biya. Amma ko a ranar da komi yake lafiya, akwai jinkirin zuwa da dawowa. A maƙera iri na farko ɗalibi yakan ba da umarni, ya jira, ya ɗauka bai shiga ba, ya sake bayarwa. Mai farawa ba ya iya bambanta kuskurensa da jinkirin layi, kuma wannan ruɗani ya fi ɓata lokaci illa, domin yana koya masa cewa kwamfuta ba ta da ƙa'ida.

Akwai kuma batun kuɗi. Fayilolin darasin farko ba su da nauyi, matani ne kawai. Abin da ke cin kiredi shi ne maƙerar kanta, wadda ake saukowa da ita a duk buɗewa, da tagar sakamako da ke sabunta kanta bayan kowane gyara. Idan ɗalibi yana aiki daga gida da intanet ɗin wayarsa, daga kuɗin abincinsa yake biya.

4.3. Kamfani. Wannan shi ne sharaɗin da aka fi mantawa da shi. Tarihin ƴan shekarun nan ya isa misali. Amazon ya sayi Cloud9 a 2016, ya kuma daina karɓar sababbin masu amfani da shi a Yuli 2024. Heroku ya soke tsarinsa na kyauta a Nuwamba 2022. Replit ya rufe sashensa na makarantu a Agusta 2024. Glitch, wanda malamai da yawa suka gina darussansu a kansa, ya daina ɗaukar nauyin shafuka a Yuli 2025. Ba laifi muke ɗora wa kowa ba, kamfani yana bin lissafinsa. Abin lura shi ne tsarin karatu na jami'a yana ɗaukar shekaru, sharuɗɗan kyauta kuwa suna iya canzawa a tsakiyar zango.

Ko inda kyautar take, tana da iyaka. A Nuwamba 2022 GitHub ya ba kowane mai asusu awa 60 a wata a kan ƙaramar na'urar Codespaces. A tsarin da ya zo da shi, na'urar tana kashe kanta bayan minti 30 ba aiki, ana kuma goge ta bayan kwana 30 ba a buɗe ta ba. Babban hutunmu ya fi kwana 30. Ɗalibin da bai zuba aikinsa a rumbu ba kafin ya tafi Maraɗi ko Damagaram zai dawo ya tarar ba komi. Wuce iyakar kyauta kuma yana bukatar katin banki na ƙasa da ƙasa, abin da ɗalibai kaɗan ne suke da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

5. Abin da take ɓoyewa

Sashen da ya gabata ya shafi kowane aji a Yamai. Wannan ya shafe mu ne musamman, mu masu aiki da harsunan ƙasa. Sauƙin maƙerar nesa yana zuwa ne daga yi wa ɗalibi wasu ayyuka a ɓoye, kuma wasu daga cikinsu su ne ainihin abin da muke son ya koya.

5.1. Tsarin haruffa. Rubutun hausa na Nijar, kamar yadda dokar 1999 ta tsayar da shi, yana da haruffa huɗu masu lanƙwasa. Kowannensu yana da lambarsa a Unicode:

(2) ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4

Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 suna tuna haruffan musamman da ake ɗorawa a kwamfuta, waɗanda ke aron gurbin wani harafi su zana ƙ a wurinsa. Da an kai fayil wata kwamfuta, sai matani ya lalace. Unicode ya kawar da wannan, amma dole ne shafi ya faɗa wa burauza tsarin da aka rubuta shi da shi, da kuma harshensa:

(3) <html lang="ha">
(4) <meta charset="utf-8">

A maƙera kamar CodePen, ɗalibi yana rubuta jikin shafi ne kawai, maƙerar ta ƙara kan shafin da kanta. Haruffansa suna fitowa daidai, bai kuma san dalili ba. Ranar da ya kwashe rubutun ya saka a fayil nasa ba tare da layi na (4) ba, burauza tana iya karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252. A UTF-8 harafin ƙ yana cin gurbi biyu, sai a karanta kowane gurbi a matsayin harafi dabam:

(5) ƙasa > Æ™asa
(6) ɗaki > É—aki

Abin da muka sha gani shi ne ɗalibi ya tsorata, ya koma rubuta kasa da daki. Daga nan ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, kuma ƙamus ya rasa bambancin da aka yi shi dominsa.

5.2. Jerin abajada. Idan aka ba JavaScript jerin kalmomi aka ce ya tsara su da umarnin sort kaɗai, lambobin haruffa yake bi. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ƴ 436, ta ɓ 595, ta ɗ 599. Ga abin da ke fitowa:

(7) baki, kafa, zane, ƙasa, ɓera, ɗaki

Ba ƙamusun hausa da ke jera kalmomi haka. Gyaran yana cikin umarnin localeCompare, wanda ake gaya wa harshen, sai ya mayar da ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ya kamata malami ya gwada sh da ts a burauzar da ajinsa ke amfani da ita kafin darasi. Wannan misali ya fi kowane lissafi dacewa da ɗalibin harshe, domin yana ganin kuskuren da idonsa tun kafin a yi masa bayani.

5.3. Allon maɓallai. Maƙerar nesa ba ta kai ga yatsun ɗalibi. A ajinmu ana samun allon AZERTY na faransanci tare da QWERTY na kwamfutocin da suka shigo ta Najeriya. Allon ƙirar Amurka ba shi da maɓallin da ke kusa da babban harafi na hagu, wanda a tsarin faransanci yake ɗauke da < da >. Ɗalibin da ya juya irin wannan kwamfuta zuwa faransanci don ya sami é da è ya rasa alamu biyun da HTML ya dogara da su. Haruffa masu lanƙwasa kuma suna bukatar a ɗora manhaja kamar Keyman a kan kwamfutar kanta. Ke nan alkawarin cewa ba abin da za a ɗora bai cika ba ga mai rubuta hausa.

6. Tsarin da muke ba da shawara

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawarar zango mai matakai huɗu.

a) Darasi na farko da na biyu a yi su a maƙera iri na biyu, domin kowa ya ga shafinsa tun ranar farko. A nan ne kuma za a daidaita allon maɓallai na kowa.

b) A darasi na uku a fitar da aikin daga maƙera. Kowane ɗalibi ya ajiye fayiloli uku a kwamfutarsa, ya buɗe su da burauza bayan an kashe intanet da gangan. HTML da CSS da JavaScript na matakin farko ba su bukatar layi, allon rubutu da burauza sun isa. A bar kuskuren (5) da (6) ya faru, sannan a gyara shi tare.

c) Daga tsakiyar zango a shigo da rumbu. Ƙa'ida guda ce: ba a tashi daga darasi sai an zuba aikin ranar a rumbu, an kuma bar kwafi a hannu. Masu waya kaɗai a haɗa su da masu kwamfuta biyu-biyu, suna karɓa-karɓar rubutu.

d) Maƙera iri na farko a ajiye ta sai ƙarshe, ga abin da kwamfutar ɗalibi ba za ta iya ba, kamar gwada ƙaramin ƙamus mai uwar garke. Takardun darasi kuma a rubuta su ba tare da jingina su da sunan wani kamfani ba, domin a iya sauya maƙera ba tare da sake rubuta darasi ba.

Aikin ƙarshen zango da ya fi dacewa shi ne ƙaramin jerin kalmomi na fanni guda, misali kalmomin su da masunta na bakin kogi, ko na ƙira, da hausa ko zabarmanci ko fulatanci tare da faransanci, mai haruffa daidai da jeri daidai.

7. Kammalawa

Mun ga cewa maƙerar nesa tana kawar da shingen makon farko, tana daidaita ɗalibai masu kayan aiki mabambanta, tana kuma ajiye kwafi a wurin da ruwa da ƙura ba su kai ba. Mun ga kuma cewa tana dogara da wuta da layi da niyyar kamfani, tana kuma rufe wa ɗalibi batun haruffa wanda shi ne zuciyar aikinmu. Ma'aunin da muke ba da shawara a gwada kowane darasi da shi mai sauƙi ne: a ƙarshen zango, ɗalibi ya iya buɗe shafinsa ya gyara shi a ɗakinsa ba intanet, ƙ ta fito ƙ, kuma ɓera ya zo bayan baki.

Tambaya guda ta rage wadda ta fi ƙarfin malami ɗaya. Akwai manhajoji na kyauta, kamar code-server da JupyterHub, da ke ba da damar kafa irin wannan maƙera a kan uwar garke ta cikin gida, wadda ɗalibai za su shiga ta layin harabar jami'a ba tare da fita ƙasa ba. Wannan zai kawar da sharuɗɗa biyu daga cikin ukun da muka lissafa, ya bar na wuta, ya kuma ƙara bukatar mai kula da na'urar a kullum. Muna fatan abokan aiki na sashen lissafi da kimiyyar kwamfuta za su duba wannan batu tare da mu, mu kuma kawo musu jerin kalmomin da muka fara tsarawa a sashe na 1 domin a gyara shi tare.